Kwaɗon da Yaya Isyaku Bai Buɗe Ba

Shekara shida ke nan da aka kai wana, Yaya Isyaku, makwancinsa a ƙasar da ya zo karatun shekara biyu ya ƙare da zaman talatin da ɗoriya. Duk shekara 'ya'yansa kan ce in rubuta wani abu a kansa, ni kuma in ce hannuna na ciwo. Lafiyar hannuna ƙalau. Kunya ce ta hana ni, don duk wanda ya zauna a unguwar Barking ta Landan a lokacin ya san maganar da aka yaɗa a kan mutumin nan, wasu kuma sun san har da bakina a ciki.

Mu gidanmu zargi a jininmu yake. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ko maƙwabciya ce ta aiko da tuwo sai ta fara gutsura wa kaza ta zuba mata ido. Haka muka tashi ni da Yaya, haka kuma muka ɗauko halin a jirgi muka kawo shi Landan.

Da ya yi ritaya daga aikin council, wato ƙaramar hukuma, sai kawai muka ga ya sayo na'urar gano ƙarfe, doguwar sanda mai faifai a ƙasa, wadda take yin ƙara a kunnen mutum idan ta bi ta kan ƙarfen da yashi ya rufe. Duk Asabar zai duba lokacin da ruwa ke janyewa, ya hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku a Southend, da 'yar shebur da takalmin roba. Dattijo mai furfura, mai sahun gaba a masallaci, yana bin rairayi yana tonon murfin kwalba! Mun yi masa dariya har muka gaji, shi ma yana taya mu.

Dariyar ta tsaya ne wata bazara, da wata Hajiya da ba zan kama sunanta ba ta kai jikokinta wasan ruwa. Ta hango shi a durƙushe yana mayar da yashi cikin rami, yana daddanna shi da tafin hannu, sai ta ɗauke shi a waya. Ƙa'idar masu wannan sana'a ce: in ka tona rami dole ka cike shi, kada wani ya zurma ƙafa. Amma hoton bai nuna tonowa ba, rufewa kawai ya nuna. Ranar Babbar Sallah a masallacin Regent's Park, ina neman takalmina, wata ta ja ni gefe ta ce, "Maman Zainab, ki yi haƙuri fa, amma me yayanki yake binnewa a bakin ruwa?"

Na wanke ta tas a wurin. Sai dai maganar ta biyo ni har gida, don ta tarar da damuwar da nake kwana da ita nake tashi da ita. 'Yata Zainab ta haura talatin, sau biyu ana sa mata rana maganar tana watsewa ba tare da wani dalilin kirki ba. Uwar da ke cikin wannan hali ba ta buƙatar hujja mai yawa.

Wata Laraba na je gidansa, matarsa Anti Rabi ta ce yana ɗan ɗakin katakon da ke bayan gida. Na tura ƙofa ban yi sallama ba. A gabansa akwai bokiti cike da kwaɗuna, irin na kulle ƙofa, duk sun yi tsatsa, kusan kowanne da sunaye a jikinsa. Mu da muka tashi a Kano mun san abin da ake nufi idan aka rubuta sunan mutum a kwaɗo aka datse aka jefa a ruwa. Na sa hannu, wanda ya fara zuwa mini ɗan ja ne, an karce masa "Zee". Haka ƙawayen Zainab ke kiranta.

Na ce, "Yaya, wa ka kulle?"

Ya dube ni ya ce, "Binta, ni kike tambaya? A yashi nake samunsu. Ni buɗewa nake yi."

Na ce na ji, na ajiye masa kayansa na fita. Daga ranar ban sake taka gidan ba. Naman layyar da ya aiko mana a shekara ta gaba, a shara na zuba shi. Da wata aminiyata ta tambaye ni me ya haɗa mu, na ce mata, "Idona ya ga abin da ya gani," kuma na san sarai inda maganar za ta kwana. Wata goma sha huɗu bayan waccan Larabar zuciyarsa ta buga, aka kira ni daga asibiti a Whitechapel. Kafin in isa an rufe masa fuska.

Bayan sadakar arba'in Anti Rabi ta kama hannuna ta kai ni ɗakin katakon. Kwaɗunan na jere a kan katako, kowanne bakinsa a buɗe, ga kwanon baƙin mai da 'yan wayoyin da ya lanƙwasa. A nan ta gaya mini yadda abin yake. Wani Bature abokin tononsa ya sha yi masa bayani cewa masoya ne ke rubuta sunayensu su maƙala a ƙarfen bakin ruwa, in ya tsufa ya faɗo. Yaya sai ya ce masa, "Haka suka gaya maka." Bai yarda ba. A ganinsa ko ɗaya ne cikin ɗari aka datse da mugun nufi, to akwai wani bawan Allah da ke fama a wani wuri. Kuma ba ya yarda a karya, wai in ka karya kwaɗo ka karya mai shi, sai dai a lallaɓa shi ya buɗe.

Guda ɗaya ne kawai a kulle, ɗan jan nan. Anti Rabi ta ce, "Tun ranar da kika zo bai sake zuwa teku ba. Kullum yana kan wannan. Ya ce in ma da gaske na Zainab ɗinmu ne, ba zai huta ba sai ya buɗe."

Wata takwas da rasuwarsa aka ɗaura wa Zainab aure. A wurin walima, ina raba shinkafa, na ji wata a bayana tana cewa, "Kun gani ko? Mutumin na tafiya abin ya karye." Kwaɗon, wanda na taho da shi daga ɗakin katakon, na cikin jakata a ranar, a kulle. Da na fito da shi na ɗora a kan tebur da magana ta ƙare. Ban fito da shi ba, na ci gaba da zuba wa mutane nama. Wannan shirun ya fi tambayar da na yi masa ci mini rai.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu samari na ɗaukar kansu suna wannan tonon suna sakawa a intanet, har jikan Hajiyar nan an ce ya sayi tasa na'urar, kakarsa na yaba masa wai yana motsa jiki. Na san Yaya zai ƙyalƙyale da dariya, sannan ya rage murya ya ce a dai bincika wa ya ba yaron kuɗin. Ni ma ban canza ba. Har gobe in na shiga taro ina duba fuskoki, ina lissafin wa ta tura wa wa hoton nan, sai in tuna ba su suka zubar da naman ba.

Yaya bai bar gida a Kano ba, bai bar littafi ba. Ya bar kwaɗuna sittin da wani abu da ya buɗe wa mutanen da bai taɓa gani ba, da guda ɗaya da ya ƙare kwanansa a kai saboda ƙanwar da ta daina gaishe shi. Kwaɗon yana nan gabana ina wannan rubutu, a kulle kamar ranar da na fara ɗaukarsa, Zainab kuwa 'ya'yanta biyu. Duk mai shakka ta zo Barking in nuna mata. Allah ya jiƙan Yaya Isyaku, ya yafe mini, don shi dai na makara.