Bulaman da Ya Bar wa Famfo Inuwarsa

Shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar kakana na wajen uwa, Bulama Modu, wanda ya riƙe ɓangarenmu na unguwar Lamisula tun ban zo duniya ba har ranar da ya bar ta. Waɗanda suka san shi sun ragu ƙwarai, kuma in sun tuna shi, sulhu suke tunawa: rikicin iyakar katanga, faɗan maƙwabta a kan kwata, akuyar da ta cinye shanyar wani. Ni a bana famfo nake so in tuna. Na san lokacin da al'amarin famfon nan ya fara karkacewa, domin ina tsaye a wurin. Ƙarfe goma ne na safiyar wata Asabar, daidai sa'ad da aka murɗa kansa a karo na farko, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gidaje, kowa yana murna.

Zamanin ana shirin karɓar mulkin kai ne, majalisar gari ta fara jawo wa unguwanni ruwan famfo, ɗaya bayan ɗaya, kowace unguwa tana jiran rabonta. Kaka ya yi zarya har takalmansa suka suɗe kafin namu ya faɗo. Da aka zo maganar inda za a kafa shi, babu wanda ya tsaya dogon tunani. Abin girma ne, don haka ƙofar gidan mai girma ya dace da shi. Aka haƙa rami, aka shimfiɗa bututu, aka kafa famfo a gefen darbejiyar da Kaka yake zama a ƙarƙashinta tare da Liman da sauran dattawa, daga hantsi har la'asar. Ba a daɗe ba duba-gari suka zo suka rufe tsohuwar rijiyar da ke lungun bayan gidajenmu, suka shafe bakinta da siminti. Sun yi daidai, domin gudawar da take jawowa kowace damina ta ɗauke mana yara ba ɗaya ba.

Yaran yanzu sai an yi musu bayani. A wancan lokaci mace ba ta wuce majalisar dattawa da takalmi a ƙafa. Tun daga nesa za ta tuɓe, ta riƙe a hannu, in ta iso ta durƙusa ta gaishe su. Gaisuwar Barno kuwa ba a yin ta a tsaye, ba a kuma yin ta a gurguje. Da tulu babu komai a ciki, wannan mai sauƙi ne. Wajen dawowa ake yin ta. Tulu cike a kan gammo, takalma a hannu ɗaya, goyo a baya, ƙasa ta ɗauki zafi, sannan a ce ki sake durƙusawa ki miƙe. A makon farko tuluna da yawa sun fashe a gaban dattawa. Wadda tulunta ya fashe, zanenta ya jiƙe ya manne mata a jiki a gaban surukinta, ba ta sake komawa. Ga shi ruwan ba ya zuwa sai daga hantsi zuwa la'asar, wato daidai lokacin da dattawa suke zaune. Sannu a hankali mata suka janye. Wasu suka koma roƙon ruwa a gidajen masu rijiya, wasu suka riƙa tafiya har bakin kogin Ngadda. Famfo ya zama na yara masu ƙananan kwanuka da na alwalar dattawa.

Mazan unguwa suka zauna suka yi nazari, suka gano dalili: wai mata suna tsoron ruwan ne, suna jin ƙanshin ƙarfe a cikinsa, ko kuma an raɗa musu cewa Nasara ya zuba magani. Kaka ya sa mai shela ya zagaya ya ce ruwa lafiyarsa ƙalau. Ya sa Liman ya yi addu'a a kan famfon. Shi da kansa ya tara mutane ya cika ƙwarya ya shanye a gabansu. Duk wannan ya ƙara tara maza a gindin famfon ne kawai.

Labarin da ya tayar mana da hankali ya zo ta bakin Malam Yakubu, wani akawun majalisar gari, Kirista mutumin kudancin Barno, wanda yake haya a gidan da ke jikin namu. Ya gaya wa matarsa, ita kuma ta leƙo ta katanga ta gaya wa mahaifiyata. Ma'aikacin ruwa ya zo dubawa har sau biyu, bai tarar da layi ba, ya koma ya ce mutanen nan ba su damu da famfo ba. Wakilin unguwar Bulabulin kuwa, inda jama'a suka yi yawa ruwa ya yi kaɗan, ya miƙe a majalisa ya ce in Lamisula ba ta so, su suna so. An tsayar cewa za a sake dubawa sau ɗaya kafin zama na gaba. In abin bai canja ba, za a tone famfo a kai can. Rijiya an rufe, famfo zai tafi.

Kowace mace a unguwar ta san dalili, amma babu mai iya faɗa. Wa za ta dubi Bulama ta ce zamansa ne ya hana mutane ruwa? Mahaifiyata 'yarsa ce, ko ido ba ta haɗawa da shi. Malam Yakubu ya ce shi baƙo ne, kuma bakin akawu mallakin majalisa ne. Sai wata tsohuwa mai sayar da man gyaɗa, Ya Falmata, ta shigo gidanmu da yamma, ta tarar da ni a bayan rumbu ina karatu, ta tsaya a kaina.

“Zara, rufe wannan abin. Ke ce za ki gaya masa.”

Na ce, “Ni, Ya Falmata?”

“To wa? Duk unguwar nan mutum nawa ne za su ce wa Bulama tsoho mai ran ƙarfe ya yi dariya? Jika ce ke. Allah ya ba ki baki kyauta, kin ajiye shi kina ta kallon takarda.”

Gaskiya ta faɗa. Tsakanin kaka da jika akwai wasa, abin da jika ta faɗa ba a riƙe shi. Sai dai ni ban taɓa amfani da wannan dama ba. Ina makarantar kwana ta 'yan mata, hutu ne ya kawo ni gida, kuma ko a aji in malama ta kira sunana da ƙyar ake jin amsata. Kullum Kaka ya gan ni sai ya ce, “Ga amaryata 'yar boko,” ni kuwa in sunkuyar da kai in wuce. Na kwana biyu ina shirya abin da zan faɗa. Na jera dalilai a kaina, na farko da na biyu da na uku, kamar mai shirin jarrabawa, na yi ta maimaitawa ina shara.

Ranar da na ɗauki tulu na fita, babu ɗaya daga cikin dalilan da ya zo mini. Na tuɓe takalma, na durƙusa na gaishe su, na cika tulu, wani yaro ya taya ni na ɗora a ka. Da na dawo na durƙusa, ruwa ya kwararo mini ta wuya har cikin riga. Kaka ya yi dariya, ya ce da Hausarsa mai nauyin Barebari, yana farawa da gaisuwarsu, “Wushe, amarya! Boko ya cinye wuyan ne? Haka za ki riƙa kawo mini rabin tulu?”

Ina durƙushe na ji bakina yana cewa, “Ai ni na fasa auren nan, tsoho.”

Dattawa suka kwashe da dariya. Liman ya ce, “Bulama, yau an sake ka a gaban shaidu.”

Kaka ya gyara zama. “Laifin me na yi? Ban kawo miki ruwa har ƙofar gida ba?”

“Ka kawo, ka zauna a kai. Mijin da sai na durƙusa masa da tulu a ka, zuwa da dawowa, kafin in sha ruwa? Ba ni kaɗai ba, duk matan unguwar nan sun fasa. Suna can Ngadda, inda babu tsoho ko ɗaya.”

Dariyar ta ci gaba kaɗan, sannan ta mutu. Kaka ya dubi famfon, ya dubi takalman da ke hannuna, ya dubi inda ruwa ya jiƙa ƙasa a gabansa. Na miƙe da ƙyar na shige gida, na ajiye tulu, na fashe da kuka.

Abin da ya fara yi bai yi aiki ba. Ya sa mai shela ya sanar cewa ya ɗauke wa duk mai ɗiban ruwa tuɓe takalmi da durƙuso. Babu wadda ta zo. Ya Falmata ta ce a gaya masa ita ba za ta zama mace ta farko da ta taka gaban Liman da takalmi ba, ko da Bulama goma suka yi shela. Ranar dubawa ta ƙara matsowa, Malam Yakubu yana dawowa daga aiki fuska a murtuke.

Sai wata safiya muka ji ana kafa itace a gefen masallaci, can ƙarshen layi. Rumfar zana ce Kaka ya sa aka yi. Da hantsi ya fito, bai bari kowa ya taɓa tabarmarsa ba, ya naɗe ta da hannunsa, ya saɓa a kafaɗa, ya taka har rumfar ya shimfiɗa. Darbejiyar nan mahaifinsa ne ya dasa ta, a ƙarƙashinta aka naɗa shi, kuma duk unguwar babu inuwa irin tata. Rumfar kuwa da azahar ta yi sai rana ta shigo ta gefe ta kori kowa zuwa lungu ɗaya. Abokansa sun yi gunaguni, wani ma ya yi fushi ya daina zuwa har tsawon damina. Kaka bai koma ba. Kafin azahar ta ranar, layin tuluna da garewani ya kai bakin kwata. Da ma'aikacin ruwa ya zo dubawa ta ƙarshe, sai da ya jingine kekensa daga nesa don babu wurin wucewa. A majalisa, in ji Malam Yakubu, da aka tambayi Kaka abin da ya canja, cewa kawai ya yi, “Mata sun saba da ruwan.” Bulabulin ma ta samu nata daga baya.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga Lamisula ta yau. Famfon ya daɗe da ƙafewa, 'yan ga-ruwa ne suke turo kura cike da jarkoki, yara suna tsotsar ruwan leda suna yar da ledar a kwata. 'Yan mata suna wuce dattawa da takalmansu, sallama kawai suke yi, kuma ban ga sama ta faɗo ba. Ina jin wannan ba zai dame shi sosai ba. Abin da zai dame shi, ina da yaƙini, shi ne yadda har yanzu ake yanke shawarar inda za a haƙa burtsatse, ko a zuba shara, ko a kafa rumfunan kasuwa, a ɗakin da babu ko mutum ɗaya da zai ɗauki bokiti. Na koyar a makarantun garin nan har na yi ritaya, na zauna a tarurrukan unguwa da dama, kuma sau da yawa nakan ga an kawo abin alheri da zuciya ɗaya an ajiye shi a inda masu bukatarsa ba za su iya zuwa ba. In aikin ya mutu, sai a ce jama'a ba su waye ba.

Ban ce Kaka ya fi mutanen yanzu hangen nesa ba. Shi ma bai gani ba, yana zaune a kan matsalar da tabarmarsa. Abin da ya rage mini daga gare shi shi ne abin da ya yi bayan an nuna masa. Bai nemi wanda ya aiko ni ba, bai ce majalisa ta gyara kuskurenta ba, bai kuma bar sunan kowa ya ɓaci ba. Ya duba abin da yake hannunsa, ya ga inuwarsa ce, ya bayar. Wannan har yanzu yana yiwuwa ga duk mai riƙe da unguwa, kuma ba ya bukatar izinin kowa.

Maganar nan bai taɓa tayar mini da ita ba, ni ma ban tayar ba, sai a shekararsa ta ƙarshe, na riga na zama malama, ƙafafunsa sun yi nauyi ana riƙo shi zuwa rumfar. Na kai masa kunu, na zauna a bakin tabarma, na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina: me ya sa bai nemi a matsar da famfon gaba kaɗan ba, ya ci gaba da zamansa?

Ya kurɓi kunu, ya ce, “Amarya, duk bokon nan ba ki san majalisa ba? Da na ce a tone shi, a kan amalanke za a ɗora shi, amalanke kuwa Bulabulin za ta nufa.” Ya ajiye ludayi, ya nuna layin mata da haɓarsa, suna can nesa suna hira suna dariya da takalmansu a ƙafa. “Kuma daga nan ne na fara ganin fuskokinsu. Da can, duk shekarun da na yi ina cewa na san mutanena, saman kansu kawai na sani.”