Duwatsun Bayan Gonar Hollis

Marvella ta ƙare ƙarfinta wajen dafa wa 'yan firamare abinci a wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka. Da ta yi ritaya, sa'o'inta suka kama saƙa da lambu, ita kuwa ta shiga neman mutumin da ya mutu tun ba a haifi kakar kakarta ba. Sunansa Jabez Tolliver. Mahaifinta ne ya ba ta labarinsa a gadon asibiti: wai shi ne farkon wanda ya tsallako teku a zuri'arsu, ya sare daji a tsaunukan Kentucky, ya kafa bukkar katako. Iyakar abin da tsohon ya sani ke nan.

Shekara da shekaru tana bin sawu. Ta shiga coci-cocin da tsofaffi kaɗai suka rage a ciki, ta zauna a ɗakunan ajiyar kotu har ƙura ta bar mata tari. Sau biyu tana samun wani Jabez, ta yi ta murna, daga baya ta gane ba nata ba ne. Ɗayan ma ɓarawon doki ne. 'Ya'yanta kuwa, da ta ɗauko zancen a wurin cin abinci, sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Mijinta Orville ne direbanta, ga shi da ciwon ƙugu.

"Ke 'yar tsohuwa, mutumin nan fa bai aiko a kira ki ba," in ji shi. "Ni da nake numfashi ban samu rabin wannan kulawa ba."

"Kai ai na san inda kake. Ja mota mu tafi."

A ƙarshe wata mata a coci ta kwatanta musu gonar wani dattijo mai suna Hollis, ta ce akwai tsoffin kaburbura a bayanta. Ya ja su ta makiyayar shanu, Marvella na haki, furanni a hannunta, har gindin wasu itatuwa. Duwatsu ne a jere, sun nutse cikin ciyawa, shanu sun goge su da jiki.

"Ga su nan, baiwar Allah," Hollis ya ce. "Kakana ya ce akwai wani Tolliver a ciki. Wanne ne, sai dai ki tambaye su."

Ta durƙusa tana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Babu ko harafi. Da ma ba a taɓa rubuta komai ba, duwatsun rafi ne aka kafa. Ta daɗe tana zaton ranar nan za ta yi kuka, amma ba ta ji komai ba sai zugin gwiwa da yunwa.

"Zaɓi ɗaya mana," Orville ya ce a hankali. "Ba wanda zai yi miki gardama."

Ba ta zaɓa ba. Ta warware furannin, ta ajiye wa kowane dutse nasa. Sai da mazan biyu suka kama ta kafin ta iya miƙewa.

Matar Hollis ta ba su wake da burodin masara, suka ci suka kama hanya. Tun daga nan Marvella ba ta sake fita nema ba. Da wata 'yar ƙaninta a Oregon ta bugo waya tana tambayar asalinsu, sai ta tattara takardun a kwalaye ta aika mata, ta ce mata ta sayi takalmi mai ƙwari, don tafiya ce a gabanta.