Hancin Mai Humra

Har yau ranar da Hajja Sa'adiyya ta fara shigowa asibitinmu a Omdurman ba ta fita daga raina ba. Farkon mulkin soja ne, ina ma'aikaciyar jinya a sashen hanci da kunne. Ƙamshinta ne ya riga ta shigowa, sannan atishawa ta biyo baya, ɗaya kan ɗaya, har masu jiran layi suka gaji da yi mata sannu.

Sana'arta haɗa humra da turaren wuta. A unguwannin Hausawa ba a shirya amarya sai an bi ta gidanta. Ba ta aiki da ma'auni, hancinta ke gaya mata ko sandal ya isa.

Likita ya duba ya ce hassasiya ce. Ga waɗanda ba 'yan aikinmu ba, wannan ba mura ba ce, hanci ne ba ya jituwa da abin da yake shaƙa, ƙura ko hayaƙi. Tsarinmu shi ne ƙwayar rage atishawa, wanke hanci da ruwan gishiri, da maganin fesawa wanda sai an yi haƙuri kafin ya fara aiki. Sai kuma nisantar abin da ke tayar da ciwon. Ya gaya mata da Larabci ta rabu da hayaƙi, ya kira na gaba.

A bakin ƙofa ta riƙo hannuna.

"Sista, ya bitti, 'yata, yaron nan ya san abin da ya faɗa kuwa? Da hayaƙin nan na raini marayuna."

"Hajja, ma'alesh, ki yi haƙuri, lafiyarki ce gaba," na ce.

Maganar likita gaskiya ce, amma Hajja ta daɗe ba ta sake dawowa ba. Maganin fesawa ma a lokacin nemansa ake yi kamar zinariya. A wani kantin magani kusa da Kasuwar Libiya ta samu na ɗigawa, mai buɗe hanci nan take. Shi wannan 'yan kwanaki ake amfani da shi a bari, in aka zarce sai hanci ya ƙara toshewa, mutum ya ƙara ɗigawa. Ita shekaru ta yi a kai, tana tsaye kan garwashi.

Da ta dawo, da baki take numfashi. Hancin ya kumbura, tsiro ya fito a ciki. Muka raba ta da ɗigon a hankali, aka yi mata aiki. Numfashi ya dawo, jin ƙamshi bai dawo ba.

Ranar da ta zo a sake duba ta, ta zaro ƙaramar kwalba daga mayafinta ta miƙo mini.

"Shaƙa min, 'yata. Ta amaryar jibi ce. Sandal ɗin ya yi yawa?"

Ni da ban san komai a humra ba sai shafawa! Na shaƙa, na ce ya yi daidai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe kwalbar. Wallahi na ji zafin abin har cikin raina.

Ku da kuke tasowa a aikin nan namu, ku riƙa tambayar mara lafiya da me yake ci kafin ku hana shi abu. Da an nema mata dabara, ta turara a tsakar gida, ta ɗaura ƙyalle a hanci, wata ta tsaya mata kan wuta, wataƙila da ta ci gaba da zuwa. Na ga irinta da yawa daga baya. In ka ce wa mutum ya bar sana'arsa, ba sana'ar yake bari ba, asibitin yake bari.