Ƙashin da Ya Ga Wuta

A Yekuwa, in an gama cirar gyaɗa, kakarmu Inna Tasalla takan hura wuta a tsakar gida bayan isha'i, mu jikoki mu kewaye ta muna ɓara. Tsohuwa ce mai faɗa. Kana fara gyangyaɗi sai ka ji ɓawo a goshi, kuma in ta ce "ga ta nan" ba ka amsa ba, babu kai babu gasasshiyar gyaɗa.

Tatsuniyarta ta kare na fi tunawa. Wai da can kare yana magana kamar kowa, har gaisuwar suna yake zuwa. Ran nan a gidan wani suna ya zagaya bayan murhu, ya zaro ƙashi daga tukunya. Yana gartsawa ƙashin ya tsage, tsagin ya gitta a saman bakinsa tsakanin haƙora. Ya fito neman taimako, yawu na dalala, magana ta ƙi fita sai "wau, wau". Mutane suka ce ya haukace, suka bi shi da sanduna. Tun daga ranar bai sake magana ba.

Na ce, "Inna, to wa ya cire masa?"

"Wa ya leƙa, 'yar nan? Kowa sanda ya sani." Ta tona wutar da kara. "Ƙashin da ya ga wuta ba na kare ba ne. In na kama ku kuna jefa wa karena ƙashin miya, jikinku zai gaya muku."

Mu a lokacin rowa muka ɗauke ta.

Na yi aure a Bande, muna da kare, Duna, mai gadin awakinmu. Layyar bara aka dafa kai da ƙafa, yara suka watsa masa ƙasusuwa ina can ina suya. Washegari ga Duna yana zubar da yawu, yana dirzar baki da ƙafa, ko tuwo bai kalla ba. Maigidan ya tafi barka da salla ƙetaren iyaka. Sai ga maƙwabcinmu Malam Sani da gora a hannu.

"Uwar Hadiza, kau da yara. Karen nan ya haukace."

Ban ga laifinsa ba, haukan kare ba abin wasa ba ne, kuma shi ma yana da ƙanana. Amma Duna tun yana ɗan kwikwiyo ni na raine shi. Na ce, "Malam, don Allah a kulle shi a ɗakin ajiya, kar kowa ya taɓa shi. In likita ya ce hauka ne, ba zan hana ka ba."

Likitan dabbobi ya zo daga Magariya a kan babur. Ya yi masa allurar barci, ya buɗe bakin, ya zaro tsagin haƙarƙari da ya gitta, sannan ya cire haƙorin turmi ɗaya da ya fashe. Ya ce dafaffen ƙashi tsagewa yake, ɗanyen ƙashin ƙafar sa kuwa yakan karya haƙori, kuma a kawo shi rigakafi in ya warke. Zama na yi daɓas a ƙasa ina hamdala, ga dariya ga hawaye.

Ina yarinya na zaci Inna kwaɗayi take hana mu. Sai a ranar na gane tausayin wanda ciwo ya hana shi faɗin ciwonsa take koya mana.

Da la'asar Duna ya lashi kunu kaɗan, ya ja jiki ya kwanta wajen awaki. Malam Sani ya leƙo ta kan darni, ya daɗe yana kallonsa.

"Uwar Hadiza," ya ce, "da kin bar ni na buga, da yanzu alhakin kare na wuyana."