Ranar da Littafin Sitti Ya Hau Bango

Wata Alhamis bayan Babbar Sallah, a farkon shekarun saba'in, Kawu Bakur ya shigo gidanmu na unguwar Bani Malik, a birnin bakin teku da ke kusa da Makka, da injin sinima a kafaɗa, yaran unguwa na biye da shi suna ihu. Sunan ɗansa na fari ake yi, shi ne ya yo hayar injin don ya haska mana fim a bangon tsakar gida bayan magariba. Ina tsugune ina wanke kofunan shayi sa'ad da ya faɗi sunan fim ɗin. Na ɗaga kai na dubi yayata, Abla Safiya, sai na ga tsintsiya ta suɓuce daga hannunta.

Daga littafin da muka fi so aka ɗauko fim ɗin, labarin Larabci na wata bazawara a bakin teku, da ɗanta tilo da ya bi jirgin masunta. Kakarmu, wadda muke kira Sitti, ba ta iya karatu ba, Larabcinta kuma na cefane ne kawai. Don haka kullum bayan la'asar, idan mun share gida, mai ruwa ya cika randuna, mun daka wa Baba yajin tsirensa, sai mu hau soro inda iskar teku ke kaɗawa. Abla na karantawa tana juyawa da Hausa, ni ina tsefe wa Sitti kai. Awaki na kuka a ƙasa, mai balila na tallan dafaffen wakensa a lungu, amma Sitti ba ta jin kowa. Duk gidan an san dalili, ba a dai faɗa. A hanyarsu ta zuwa Makka, a tashar jiragen ruwa ta Sawakin, ɗan Sitti na fari ya ɓace cikin turmutsutsun shiga jirgi, ba a sake jin labarinsa ba.

A littafin, gawar yaron teku ya turo. Da Abla ta iso wurin sai ta ce ya dawo da ransa, uwar ta rungume shi. Ni kaɗai na gane, don ina leƙen shafin ta kafaɗarta. A matakala ta murɗe min kunne, ta ce, "Kika faɗa, halas, magana ta ƙare, babu ni babu ke."

To yau ga fim, hoto kuwa ba ya neman tafinta. Abla ta yi ta zarya, ta ce wa Sitti ƙarar injin za ta sa mata ciwon kai. Sitti ta ce, "Yalla, maza shimfiɗa min tabarma a gaba. Yau zan ga yaron nan da idona."

Aka kashe fitila, maza a baya, mata da yara a ƙasa. Uwar yaron da muka sani a littafi da faso a ƙafa ta fito da jan baki da 'yan kunne. Maƙwabciyar da ke ba mu dariya a littafin babu ita sam, an cusa waƙa a gurbinta. Abla na ta tsaki ƙasa-ƙasa. Hadari ya taso, jirgi ya kife, Sitti ta daina jan carbi. Daidai nan faifan ya ƙare, bango ya yi fari fat. Kawu na ɗaura na ƙarshe yana wasa da baƙi, faratan Abla na nutse a hannuna, ni kuwa ina roƙon Allah a ɗauke wuta.

Ba a ɗauke ba. Mata suka taru a gaɓa, igiyar ruwa ta turo wani abu baƙi, uwar ta ruga. Na rufe ido. Sai na ji guɗa a tsakar gidanmu. Yaron ne ya miƙe yana tari, har aure aka yi masa kafin fim ya ƙare.

Asirinmu ya rufu ke nan, amma Abla ta miƙe jikinta na ɓari. "Sun ɓata shi! Ba haka aka rubuta ba, mutuwa ya yi!" Sannan ta toshe bakinta da hannu.

Sitti ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Zauna, Safiya. Tun a soro na sani, muryarki ce ta gaya min. Ke don ni kika yi. Su masu fim ɗin nan don wa suka yi?"

Washegari ta sa aka karanta mata ƙarshen yadda yake, ba ragi. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta kira sunan ɗanta da ya ɓace, wanda ban taɓa ji a bakinta ba, Umaru, ta yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci.

Yanzu jikokina kowa na ɗakinsa da waya a hannu, in yi musu Hausa su amsa min da Larabci. Idan fim bai yi musu ba, da ɗan yatsa suke ture shi su kama wani. Ban taɓa ganin ɗayansu ya miƙe yana rawar jiki don an taɓa masa labari ba. Mu a lokacin, dangi muka ɗauki mutanen cikin littafi.