Ƙanƙarar da Horace Setchell Ya Jira

Duk wanda ya taɓa zuwa fadamar Marlode kallon tsuntsaye ya san Horace Setchell, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan mai jar hula da ke tsayawa a bakin ƙofar ruwa, wanda in ka gaishe shi sai ya dubi sama kafin ya amsa. Baƙi daga London sukan ɗauka tsuntsu yake nema. Ina! Horace bai taɓa damuwa da tsuntsu ba sai in a tukunya yake. Sanyi yake dubawa.

Tun yana saurayi aikinsa ƙofofin ruwa ne. Da rani ya rufe su, fadama ta bushe, shanu su yi kiwo. Da hunturu, in kogi ya cika, ya buɗe, ruwa ya malale filayen, zurfinsa bai wuce gwiwa ba. Da aka mai da fadamar wurin kare tsuntsaye, aka kafa rumfunan katako da masu kallo ke laɓewa a ciki, sai aka bar masa aikinsa, don ruwan da agwagi ke so shi ne wanda ya saba saki. Amma shi ba don agwagi yake sakinsa ba. In sanyi ya kama kwanaki a jere ba iska, ruwan nan daskarewa yake yi, ya zama fili ɗaya sumul har inda ido ya tsaya. Ranar ba mai zuwa gona, ba mai zuwa makaranta. Kowa ya ɗauko takalmansa masu wuƙar ƙarfe a ƙasa, a fita tseren zamewa a kan ƙanƙara. Haka kakanninmu suka yi, a zamaninsu ma wanda ya zo na ɗaya buhun fulawa da cinyar rago yake kai wa gida.

Abin takaicin, tseren nan ba mutum ke sa masa rana ba, ƙanƙara ce. Horace yana da ƙafa, kowa ya shaida, amma babban tseren da aka yi yana ganiyar ƙarfinsa na biyu ya zo. Abokinsa Desmond Feary, gajeren makaniken ƙauye mai bakin tsiya, shi ya sha gabansa da ƙyar. Horace ya ce a haɗu baɗi. Baɗi ta zo da ruwan sama. Daga nan hunturu ya lalace mana, shekara ta bi shekara, sai taɓo da hazo. In ma ƙanƙarar ta zo, ko kare ba za ta ɗauka ba. Gashinsa ya yi fari, matarsa ta rasu, amma duk kaka sai ya wasa ƙarafen takalmansa ya shafa musu mai. Burinsa ya ragu har ya koma abu ɗaya tak: ya sake hawa ƙanƙarar fadama, ya kayar da Desmond a tseren tsofaffi.

"Ga na biyu nan ya shigo," Desmond kan ce in Horace ya leƙo mashaya. "Ku ba shi kujera ta biyu."

"Rufe mana baki, guntun banza. Iska ce ta tura ka, kowa ya gani."

"To ai kai ma tana bayanka, malam. Ko kai ta tsana?"

Sai kwatangwalonsa na dama ya fara ci. Da fari ɗingishi, daga baya sai da sanda. Likita ya ce ƙashin ya cinye, sai an sa na ƙarfe, ya shiga layi. Layin asibiti kuwa kun san shi, mutum ya tsufa a ciki. Ya fi shekara yana jira kafin a kira shi, aka sa masa ranar aiki a tsakiyar Janairu. A makon ne kuma masu hasashen yanayi suka ce wani mugun sanyi na tahowa daga gabas, irin wanda aka daɗe ba a gani ba.

'Yarsa Lorna, wadda ke aure a birni, ta zo ɗaukarsa zuwa asibiti ta tarar da takalman a kan teburin kicin.

"Baba, mene ne wannan?"

"Na buga musu waya. Na ce su ba wani ranar tawa."

"Ka ce me? Haba Baba! Mutumin da ko safa ba ya iya sa wa kansa?"

"A kan ƙanƙara ba tafiya ake yi ba, zamewa ake yi. In suka yanka ni yanzu, sai bazara zan miƙe. Ke kin san yaushe za ta sake zuwa?"

"To ƙafar fa? Ita kana da wata a ajiye?"

Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta buga ƙofa ta tafi. Gaskiya tana tare da ita, amma a ƙauyen nan ba tsoho ɗaya da ya ce Horace ya yi wauta. Mu haka muke, Allah ya shirye mu.

Sanyin ya zo. Fadama ta yi fari fat, agwagi suka taru cirko-cirko a ɗan ruwan da ya rage. Kullum da safe Horace da Desmond sukan gangara su buga ƙanƙarar da sanda, su saurara. Tana ƙara kauri, amma da saura. Desmond ya ce gobe za ta ɗauki mutum. Kafin goben iska ta juya yamma. Horace yana tsaye a bakin ƙofar ruwa aka fara yayyafi mai ɗumi, yana kallo farin ya koma toka-toka, ruwa ya hau kai. Ranar ya yi baƙin cikin da ko a jana'izar matarsa ba a ga ya yi ba.

Asibiti suka mai da shi ƙarshen layi. Bai kai ga sabuwar ranar aikin ba. Da bazara ƙafar ta ci amanarsa a kan matakalar ƙofar ruwa, ya faɗi, ƙashin ya ruguje. Masu kallon tsuntsaye ne suka tsince shi. An yi masa aiki na gaggawa, bai kama ba. Aka ba wani aikin ƙofofin, aka sayar da gidansa, Lorna ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi da ke birni, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci.

Hunturun da ya biyo baya kuwa, sai ga ƙanƙarar da aka yi shekaru ana jira. Ba ta zo da wasa ba, har tarakta aka hau da ita. Mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina, aka yi tseren yara, na mata, na tsofaffi. Lorna ta roƙi ma'aikatan gidan kada su kunna masa labarai.

Da yammar ranar tseren Desmond ya shigo da ledar lemo, ya zauna a bakin gado yana ta murza hularsa. Horace na kan keken guragu, bargo a cinya.

"Ƙanƙarar da ke kan gilashin motoci ba ta narke ba tun shekaranjiya," in ji Horace. "Yaya fadama?"

"Kai, bar ta kawai. Ƙanƙarar ruɓaɓɓiya ce, duk ƙuraje. Ba wanda ya hau."

Horace ya dube shi. Iska ta gasa kumatun Desmond sun yi jawur, leɓensa ya tsattsage, yana ƙoƙarin ɓata rai amma fuskar ta ƙi, sai annuri take yi kamar ta ango.

"Shekara nawa muna tare, har yau ba ka iya ƙarya ba. Ta yi kyau?"

Desmond ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa ganin irinta ba, Horace."

"Wa ya ci na tsofaffi?"

Desmond ya ci gaba da murza hularsa.

"To, kai ne ke nan. Madalla," in ji Horace. Ya kama tayoyin kekensa ya juya ya fuskanci bango. "In za ka fita ka ja mini labulen nan."