Butar Alhaji Bube a Garin da Ba a Shan Shayi

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin kakana Alhaji Bube Tela a kasuwar Boɗinga ya san amsar da ake samu idan an tambayi kaya. Ba ya cewa an gama, ba ya cewa ba a gama ba. Zai ɗago kai daga kan keke, ya leƙo ka ta saman tabarau, ya ce, "Zamna tukuna." Kafin ka buɗe baki kofin shayi na hannunka. Ku da kuka san shi, ku faɗi gaskiya tsakaninku da Allah, mutum nawa ne suka zo da faɗa ranar jajiberin salla, suka koma gida ba riga suna ta yi masa godiya?

Kun tuna butar kuwa? Baƙa ƙirin, marikinta ɗaure da waya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an wanke cikinta ba, don ya ce duk daɗin yana cikin wannan baƙin. Kakata marigayiya ta taɓa kuskuren sa mata toka da soso, ya kama su a bakin rijiya kafin aikin ya yi nisa, kwana uku bai ci tuwonta ba. Ganyen shayi kuwa sai ya dafa shi sau uku, yana shanya shi a kan murfin keke. Dahuwar farko ta sarki ce, ta biyu ta hakimi, ta ukun ta masu zuwa karɓar ɗinki. Abu ɗaya ne ba ya yi, shan shayi shi kaɗai. Yakan ce, "Kohi guda na marar lahiya na."

Bayan rasuwar kakata idonsa ya fara ba shi matsala. A lokacin ina can Amurka, wani ƙaramin gari a jihar Yuta, inda mijina Muntari, mutumin Shagari, yake aikin binciken ƙasar noma. Likita ya ce sai an riƙa duba idon nan duk wata, in an yi sakaci zai rufe gaba ɗaya, ga shi a gida babu mai tsaya masa. Da ƙyar da lallashi muka ɗauko shi. Kayansa jaka ɗaya ce, rabi tufafi, rabi ganyen shayi, buta kuwa a cinyarsa ta yi tafiyar.

A mota, muna barin filin jirgi, Muntari ya fara yi masa bayanin garin.

"Baba Alhaji, kusan duk maƙwabtanmu 'yan ɗarikar Momon na. Kirista na, amma tasu daban ta. Ba su shan giya."

"Madalla!"

"Ba su shan taba."

"Kai, Allah shi yi masu albarka. Ashe cikin mutanen kirki kuke."

"Kuma ba su shan shayi."

Kaka ya rungume butar sosai, ya juyo ya dube ni a kujerar baya. "Amarya," haka yake kirana, irin wasan kaka da jika, "mijin ga naki lahiyatai ƙalau? Wane laihi shayi yay yi masu?"

Na ce addininsu ne ya hana su ganyen shayi da gahawa. Ya yi tsaki, ya ce shi ya ɗinka wa malamai riguna shekara hamsin, bai taɓa ganin addinin da zai tsaya gaban shayinsa ba.

Washegari bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a kan ciyawar ƙofar gida, ya jera kofi biyu, ya zauna jiran jama'a. Mutane suna wucewa a mota, suna ɗago masa hannu, suna murmushi har kunne, amma babu wanda ya tsaya. Haka kwana ɗaya, haka kwana biyar. Shayi ya huce, ya mayar buta, bai kurɓa ba. Ran na shida ya shigo ya same ni a kicin.

"Mutanen ga da haƙora kawai sunka iya gaisuwa. Saurara ki ji. Na ba garin ga kwana arba'in. In ba a samu wanda yaz zamna yas sha shayina ba, ki maishe ni Boɗinga."

"Kaka, idon hwa?"

"Gara in makance inda a ka ce mani sannu."

Na yi dariyar yaƙe a gabansa. Na san shi. Mutumin da ya yi shekara tara bai bi ta Dingyaɗi ba don wani mai shayi a can ya taɓa zuba masa madara bai tambaye shi ba, ba zai faɗi arba'in ya yi arba'in da ɗaya ba.

A mako na biyu sai ga samari biyu a kan kekuna, fararen riguna, kowa da laƙataye a wuya da littafi a hannu. Masu wa'azin 'yan Momon ne, bibbiyu suke bin gidaje. Muntari ya riga ya gaya mini yawanci mutane rufe musu ƙofa suke yi. Kaka kuwa tun daga nesa ya miƙe tsaye.

"Alhamdu lillahi! Ku zamna, ku zamna! Amarya, taho ki yi tahinta, na yi baƙi!"

Suka zauna suna murna, sun sami mai sauraro. Ya miƙa kofi, suka ce sun gode, ba sa sha. Ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Ya raɗa mini, "Ɗiyan ga an yi masu tarbiyya. Baƙo na gari ba shi karɓa da farko." Kun san dai yadda muke a gida, a yi maka tayi ka ce alhamdu lillahi, a sake ka ce ka ƙoshi, sai a na uku ka miƙa hannu kana sunkuyar da kai. Shi a wurinsa abin da ke faruwa ke nan. Ya miƙa na biyu, suka ƙi. Ya miƙa na uku yana murmushin wanda ya ci nasara, suka ƙi.

"Kaka, ba kunya ba ta hwa, da gaske su kai."

"Ke mi kis sani? Bari ki ga aiki."

Suka buɗe littafi za su fara, ya ce su dakata, babba ke fara magana. Ya ɗauko musu tarihin annabawa tun daga Annabi Adamu, ina fassara har muryata ta dishe. Duk annabi ɗaya, tayi ɗaya. Tsakanin Annabi Nuhu da Annabi Ibrahim ya kama ƙafar wandon ɗayansu, ya juya kalmasar, ya ce wanda ya yi wannan ɗinkin ba ya tsoron Allah. Da suka samu suka miƙe, rana ta kusa faɗuwa, ba su karanta ko layi ɗaya ba. Ya bi su da kallo yana ƙirga da yatsu.

"Sau goma sha ɗaya! Wallahi ko Hilanin Lambara ba su kai ɗiyan ga kunya ba. Gobe sai su sha."

Gobe suka zo, jibi suka zo, daga nan suka fara bi ta ɗaya gefen titi. Ran nan ina leƙe ta taga na ga sun sunkuyar da kai suna taka keke kamar an biyo su, ga kuma Alhaji Bube a bakin titi, babbar riga na tashi, buta a sama, yana ƙwala kira, "Ku zamna tukuna!" Muntari ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun da ya zo garin bai taɓa ganin gidan da masu wa'azi ke gudu ba sai namu.

Matan unguwa kuwa ba su da laifi, kullum cikin aiko mana da abinci suke. Wata ta kawo wani abu kore shar a kwano, mai santsi, ko tari ka yi sai ya kama karkarwa. Kaka ya taɓa shi da cokali, ya ja baya. "A mayar masu shi, bai ida mutuwa ba." Amma kwano ba ya komawa wayam, sai ya sa na tuƙa tuwo da miyar kuka aka kai. Su ma suka maido kwanon cike. Muka sake cikawa. Kwano ɗaya ya yi ta kai da kawowa har na rasa na waye, amma ko mutum ɗaya bai hau tabarma ba.

Gidan da ke jikin namu na wani tsoho ne, dogo, manomi da ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, gwiwoyinsa duk sun lalace. Sunansa ya yi wa Kaka nauyi a baki, sai ya raɗa masa Ɗalhatu. Wata rana famfonmu ya lalace, tsohon ya ce a zo a ɗauki abin gyara a ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, Kaka ya biyo ni. Muna sauka ya tsaya cak. Bokitai ne jere har rufi, alkama, wake, shinkafa, zuma. Al'adarsu ce kowane gida ya tanadi abincin da zai daɗe yana ci ko da wani abu zai faru.

"Rumbu!" in ji Kaka. "Amarya, rumbu na! Wanga mutum ɗan Shagari na, ɓacewa yay yi."

Ya buɗe bokitin wake, ya ɗebo, ya gatsa ɗaya da haƙorin da ya rage masa, sannan ya hau tsohon da faɗa don bai zuba toka da barkono ba, wai ƙwari za su cinye. Ɗalhatu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane, ya ɗauko murfin yana nuna masa yadda yake toshe iska. Suka yi awa guda suna gardama, kowa da harshensa, ba wanda ya nemi tafinta. Da muka fito Kaka ya ja shi har bakin tabarma, ya miƙa kofi. Tsohon ya dafa ƙirji, ya girgiza kai. Ranar kwana talatin da bakwai ke nan.

Ran na talatin da tara Kaka ya fito da jakarsa ya ajiye a baranda don kowa ya gani. Na fita zubar da shara ina share hawaye, Ɗalhatu ya tambaye ni ta kan shinge ko tafiya za a yi. Na gaya masa komai, har maganar idon. Ya dafa shingen. Can ya ce shi ya yi wa Ubangijinsa alkawari tun yana yaro, ba zai sha ganyen nan ba, amma zama ba a hana shi ba.

Na kai wa Kaka saƙo. Ya ce zama ba sha ai zaman makoki ne. Can kuma ya ce, "Koma ki tambaye shi, ganyen na aka hana mai, ko ruwan zahin?" Na je na dawo, na ce ganyen ne.

Da hantsi ran na arba'in na ji ana ƙarta a bayan gida. Na leƙa. Alhaji Bube ne tsugune, da yashi da soson ƙarfe, yana kankare cikin butar nan. Baƙin da ya tara tun kafin a haife ni, wanda ya yi wa kakata yajin tuwo a kansa, yana bin ruwa yana shiga ciyawa.

"Kaka! Butar?"

"Ganye ya kama cikinta. Ba ni ba mutum abin da addininai ya hana mai ta bayan gida. Miƙo mani citta, ki bar kallona."

Ya dafa citta da kanumfari da na'ana'a da masoro, babu ganye ko ƙwaya. Shi da yake cewa shayin da ba ganye ruwan wankan jego ne! Bayan la'asar Ɗalhatu ya tsallako, ya ɗauki kusan minti biyar yana naɗe gwiwoyin nan kafin ya kai tabarma. Ya karɓi kofi tun a tayin farko, abin da Kaka ya ce rashin kunya ne amma ya yafe. Ya kurɓa. Fuskarsa ta yi jawur, ya kama tari, hawaye na zuba.

"Dibi, dibi," in ji Kaka, "daɗi ya sa shi kuka. Ƙara mai!"

Da yamma na mayar da jakar ɗaki, bai hana ni ba.

Shekara huɗu suka yi a haka, in sanyi ya yi ƙanƙara ta rufe ciyawa su koma gareji. Kaka na ba shi labarin kasuwar Boɗinga da Hausa, shi yana ba shi labarin shanunsa da Turanci, su yi dariya a tare ban san ta me ba. Idan lokacin salla ya yi, Ɗalhatu ne ke nuna masa agogo. Kaka yakan ce mini, "Saura kaɗan shi musulunta, na ga alama." Shi ma Ɗalhatu ya taɓa ja na gefe ya ce yana jin kakana ya kusa shigowa cikinsu. Babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. Idon kuma bai rufe ba, har Kaka ya bar duniya yana zura zare a allura da kansa.

Ranar da aka kai shi maƙabartar Musulmi a babban birni, Muntari ya ce Ɗalhatu na can bayan sahu, hula a hannu, bai zauna ba har aka gama, da gwiwoyin nan nasa. Bayan kwana uku, da la'asar, na ji motsi a ƙofar gida. Na fito na same shi ya shimfiɗa tabarmar a karkace, ya dafa cittarsa a butar da na bari a gareji, ya jera kofi biyu. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa gaba na kasa baya. Ya ɗago kai, ya buga tabarma da tafin hannu, ya faɗi Hausar da ya koya a shekara huɗu kaf.

"Zamna tukuna."

Na zauna. Shayin ba daɗi, ya cika ruwa, na shanye tas ina kuka.

Allah ka jiƙan Alhaji Bube, ka yafe masa rigunan sallar da bai gama ba. Bai taɓa barin baƙo a tsaye ba, ya Allah, kai ma kada ka bar shi a tsaye. Ka zaunar da shi cikin rahamarka, kusa da kakata, inda ba zai sha shi kaɗai ba. Amin.